Horon aikin batla da hadimin tufafi: makarantar waje, difloma, aikin otal ko gajeren kwas?

Matashin da ya yi 'yan shekaru yana aiki a otal, ko wanda ya gama sakandare yana neman sana'ar da za ta riƙe shi, yakan ci karo da labarin wani aiki da ma'aikatan otal ke kira batla. Ana nuna masa mutum sanye da baƙar kwat da farar safar hannu, ana gaya masa cewa masu wannan aiki suna samun albashi mai tsoka a Dubai da Landan da jiragen ruwan attajirai. Daga nan sai tambaya ta taso: ina ake koyon abin, kuma wace hanya ce ba za ta cinye dukiyar mutum da shekarunsa a banza ba? Hanyoyi huɗu ne a gaban mai wannan niyya, kuma tazarar da ke tsakaninsu, ta fuskar kuɗi da lokaci da haɗari, tana da girma ƙwarai.

Batla shi ne babban hadimin da ke tsaye a kan dukkan buƙatun baƙo guda a otal, ko na iyali guda a gida. A otal shi ne yake tarbar baƙon babban masauki, ya kwance masa akwati, ya shirya abincin da za a ci a ɗaki, ya haɗa shi da kicin da wurin wanki da direba, ta yadda baƙon ba zai buƙaci kiran kowa ba sai shi. A gidan attajiri aikin ya fi haka faɗi, domin yakan haɗa da shugabantar sauran ma'aikata, riƙe lissafin cefane da kula da kayan alatu. Hadimin tufafi kuwa, wanda ake kira falet, aikinsa ya tsaya ga jikin mutum ɗaya: tufafinsa, takalmansa, kayan askinsa da shirin tafiyarsa. A yawancin otal mutum ɗaya ne yake haɗa ayyukan biyu. Ya kamata a lura cewa a tallar neman ma'aikata ana amfani da sunan falet ga mai karɓar makullin mota ya ajiye ta a bakin otal, wanda aiki ne dabam da ke buƙatar lasin tuƙi kawai da 'yan kwanakin horo, don haka sai a karanta bayanin aikin kafin a nema.

Ma'aunan da ya kamata a auna kowace hanya da su

Na farko shi ne kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya, ba wanda aka rubuta a takardar talla kaɗai ba. Sai an haɗa da tikitin jirgi, kuɗin biza, tufafin aiki, da albashin da mutum zai rasa a watannin da yake karatu. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake biya da Yuro ko Dala ya ninka fiye da sau biyu ga ɗan Najeriya, kuma wannan kaɗai ya sauya lissafin makarantun waje.

Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yawan abin da hannu zai koya. Wannan sana'a ta hannu ce da ido. Misali, idan batla zai kwance akwatin baƙo, sai ya fara neman izini, ya lura da inda kowane abu yake domin ya iya mayar da shi ranar tafiya, ya ware abin da ke buƙatar guga, ya rataye kwat a maratayi mai faɗin kafaɗa, kuma idan ya ga kuɗi ko fasfo ko magani ba zai taɓa ba, sai ya roƙi mai su ya ajiye da kansa. Ranar haɗa kaya kuma takalma ne ke zama a ƙasa ta wajen tayoyin akwati, a cusa musu safa don kada su lotse, a sa siririyar takarda a tsakanin ninkin riguna don kada su yamutse. Ulu ba a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, sai an shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi a kai, siliki kuma ta ciki ake goge shi da wuta kaɗan. A teburi cokula masu yatsu suna hagu, wuƙaƙe suna dama da kaifinsu yana kallon faranti, ana zuba abinci ta hagun baƙo, abin sha ta damansa. Duk wannan ana iya haddace shi a yini ɗaya, amma yin sa cikin natsuwa a gaban mutumin da ya gaji da tafiya kuma ba ya son magana, sai wanda ya maimaita shi har ya zama masa jiki.

Na uku shi ne ƙarko: shin abin da aka samu zai ci gaba da amfani bayan shekara goma, ko da mutum ya bar aikin batla? Na huɗu sauƙin shiga, wato takardun da ake nema, harshe da biza. Na biyar haɗari, na asarar kuɗi da na faɗawa hannun 'yan damfara.

Akwai ma'auni na shida da masu talla ba sa ambata, alhali ga mafi yawan Hausawa shi ne ya kamata a fara warwarewa. Aikin batla a tsarin Turawa ya ginu a kan hidimar giya: zaɓenta, buɗe ta, zuba ta da sanin wadda ta dace da kowane abinci. Malamai sun bayyana cewa haramcin giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Musulmin da ke son sana'ar ya wajaba ya san matsayinsa a kan wannan tun kafin ya biya ko sisi, domin hakan zai nuna masa makarantar da zai iya shiga da kuma kasuwar da zai nema. Kasuwar da babu giya tana nan, kuma ba ƙarama ba ce: otal-otal na Makka da Madina, ƙasar Kuwait, masarautar Sharjah, da gidajen iyalai masu yawa a yankin Larabawa da ma nan gida.

Hanya ta farko: makarantar batla ta ƙasar waje

Irin waɗannan makarantu ba tsofaffi ba ne kamar yadda ake zato. A da, a manyan gidajen Ingila, yaro yakan shiga aiki yana ƙarami ya yi ta hawa mataki-mataki har ya zama batla bayan shekaru masu yawa. Da gidajen suka ragu bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, sai wannan hanyar koyo ta kusa ɓacewa, har Ivor Spencer ya buɗe makarantarsa a Landan a 1981. Daga baya Robert Wennekes ya kafa The International Butler Academy a ƙasar Holan a 1999, wadda yanzu take garin Simpelveld. A Afirka akwai South African Butler Academy a birnin Cape Town, a Kanada kuma akwai makarantar Charles MacPherson a Toronto.

Tsarin cikakken kwas a irin waɗannan wurare yakan ɗauki mako takwas zuwa goma. A ta Holan ɗalibai suna kwana a ginin makarantar, suna tafiyar da shi tamkar gidan attajiri na gaske, ana ba kowa shugabancin ma'aikata bi da bi, ana kawo baƙi a yi musu hidima, kuma ranar aiki tana da tsawo da gangan domin mutum ya ɗanɗana abin da zai tarar. Ta fuskar abin da hannu ke koya cikin ɗan lokaci, babu hanyar da ta kai wannan. Ana kuma koyar da abubuwan da ke da wuya a gani a otal ɗin gida, kamar wanke kayan azurfa da tangaran mai tsada, kula da zane-zane da tsofaffin kayan ɗaki, da tsarin zama a liyafar manyan baƙi.

Kuɗin ne ke da nauyi. Na makarantar Holan ya daɗe da haura Yuro 10,000, ko da yake ya haɗa da masauki da abinci. Ga ɗan Nijar, da yake an ɗaure sefa da Yuro a kan sefa 655.957 kowane Yuro ɗaya, Yuro 10,000 kaɗai ya zarce sefa miliyan 6.5. Ta Cape Town ta fi sauƙi, amma ita ma sai an tanadi dubban daloli idan an haɗa da jirgi da zama. Ana koyarwa da Turanci mai sauri, kuma wanda bai iya rubuta saƙo mai tsabta da shi ba zai sha wahala tun makon farko.

Babban haɗarin shi ne rashin fahimtar abin da takardar shaidar ke bayarwa. Bizar gajeren zama ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Holan ke cikinsu, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ta isa a yi kwas, amma ba ta ba da izinin aiki. Ranar da aka gama karatu, ɗalibi ɗan wata ƙasa ta Tarayyar Turai zai iya karɓar aiki a Faransa ko Jamus washegari, ɗan Najeriya ko Nijar kuwa dole ya koma gida. Birtaniya ma bizarta ta ma'aikacin gida ta wata shida ce kawai, kuma sai wanda ya riga ya yi wa maigidan aiki na aƙalla shekara ɗaya a wata ƙasa sannan suka shigo tare. Makarantu sukan yi alkawarin taimakawa wajen neman aiki, wanda ya bambanta da alkawarin ba da aiki, kuma hukumomin da ke samar wa manyan gidaje ma'aikata kusan kullum suna tambayar shekarun gogewa da wasiƙun shaida daga wuraren da aka yi aiki kafin su dubi takardar makaranta. Saboda haka nake ganin sayar da gona ko cin bashi don wannan kwas, ga wanda bai taɓa aikin hidima ba, kuskure ne mai tsada.

Akwai kuma giɓin da ya shafi wanda zai dawo ya yi aiki a gida. Makarantar Turai za ta koya maka kwat da nakatayal, amma ba ta san babbar riga ba. Hadimin tufafin babban mutum a Kano ko Abuja ko Yamai dole ya san cewa shadda mai ƙyalli ta fi son bugu a kan guga, ya san wurin masu bugun da za a amince musu da riga mai tsada, ya san cewa aikin wuya da na aljihu ta baya ake goge su a kan tawul don kada zaren ya kwanta, ya san yadda ake ninke riga ta fito da karinta, da wurin da ake kai hula wanki a ɗora ta a gungume ta dawo da tsayuwarta. Idan maigidan mai rawani ne, wannan wani ilimi ne dabam. Duk waɗannan a wurin masu sana'ar gida ake koyonsu, kuma kusan kyauta.

Hanya ta biyu: difloma a fannin kula da otal

Wannan ita ce hanyar da iyaye suka fi yarda da ita. A Najeriya kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna da ta tarayya da ke Bauchi suna ba da ƙaramar difloma ta shekara biyu da babbar difloma ta wasu shekaru biyu a fannin kula da baƙi, da shekarar aikin gwaji a tsakani, a ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE. Akwai kuma cibiyar tarayya ta horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, NIHOTOUR, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980 kuma take da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A Legas kwalejin Wavecrest ta keɓanta ga mata, a Kenya kuma kwalejin Utalii da ke Nairobi, wadda aka buɗe a 1975, ta yi suna a faɗin nahiyar. Makarantun Suwizalan irin ta Lausanne, da aka kafa a 1893, suna cikin wannan rukuni, sai dai kuɗinsu ya sa ba su cikin lissafin mafi yawan masu karanta wannan, kuma manajoji suke yayewa, ba hadimai ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce difloma ba ta mayar da mutum batla. Tana koyar da girki, hidimar teburi, kula da ɗakuna, karɓar baƙi, tsabtar abinci da lissafi, amma hidimar mutum ɗaya ta musamman kaɗan ce a cikin manhajar. Ingancin aikin hannu kuma ya dogara da kayan da makarantar ke da su, don haka kafin a karɓi gurbi ya kamata a je a ga kicin ɗin koyarwa da ɗakin gwaji da ido, a tambayi ɗaliban da ke ciki sau nawa suke shiga a mako.

Inda wannan hanya ta fi kowace ƙarfi shi ne ƙarko. Aikin batla na tsayuwa ne da rashin barci, kuma ba kowa ne ke iya ci gaba da shi ba idan shekaru suka ja ko iyali suka yi yawa. Mai difloma zai iya komawa shugaban sashen ɗakuna ko na abinci, ko ya shiga aikin gwamnati, ko ya buɗe nasa wurin. Takardar tana kuma taimakawa idan wani otal na waje zai nema wa mutum izinin aiki, domin shaida ce da hukuma ta san da ita. Kuɗin makarantun gwamnati, idan aka kwatanta da na waje, kaɗan ne. Abin da take ci shi ne lokaci, shekara biyu zuwa biyar, da yiwuwar yajin aiki ya ƙara tsawaita shi.

Hanya ta uku: shiga otal a hau daga ƙasa

Da yawa daga masu aikin batla a manyan otal ta nan suka biyo. Mutum yakan fara da gyaran ɗakuna, ko kai abinci ɗaki, ko hidimar teburi, ko wurin wanki da guga. Idan shugabanni suka ga tsabtarsa da amanarsa da iya maganarsa, sai a mayar da shi hawan manyan baƙi, daga nan a ba shi horon batla a cikin gida. Kamfanonin da suka shahara da wannan hidima suna da nasu tsarin: St. Regis, wanda otal ɗinsa na farko ya buɗe a New York a 1904, ya mayar da batla alamarsa, Burj Al Arab na Dubai da aka buɗe a 1999 yana da su dare da rana, haka ma Raffles, har da reshensa da ke kallon Harami a Makka. Sau da yawa otal ne ke ɗauko ƙwararrun masu horarwa daga waje su zo su koyar da ma'aikatansa, wato darasin da wani ya biya miliyoyi ya je nema, ma'aikacin cikin gida yana samunsa ana kuma biyansa albashi.

Ta fuskar kuɗi babu abin da ya kai wannan sauƙi. Albashin farko ƙanƙane ne, amma akwai abinci da kayan aiki, da kaso daga kuɗin hidima da otal da yawa ke ƙarawa a kan lissafin baƙi, da ɗan ihsanin da baƙi ke bayarwa. Mafi muhimmanci, mutum yana tara abin da kasuwa ta fi nema, wato shekarun aiki da wasiƙar shaida daga wuri mai suna. Yana kuma koyon abin da aji ba ya koyarwa: gane baƙon da ke son hira da wanda ke son a bar shi, rubuta abubuwan da kowane baƙo ya fi so domin zuwansa na gaba, da riƙe sirri. Wannan na ƙarshe shi ne jarin sana'ar. Batla yana ganin wanda ya shigo da wanda ya fita, yana jin waya, yana ganin magunguna da takardu, kuma hoto ɗaya da ya ɗauka ya sa a WhatsApp ya isa ya rufe masa ƙofar aikin har abada, ban da ƙarar da za a iya kai shi idan ya sa hannu a yarjejeniyar rufe baki.

Rauninta biyu ne. Na ɗaya, ba kowane otal ne makaranta ba. Wanda ya yi shekara biyar a wurin da babu tsari, munanan ɗabi'un aiki kawai zai tara, kuma cire su ya fi koyon sababbi wuya. Don haka ya fi kyau a karɓi ƙaramin matsayi a otal mai bin ƙa'idar kamfanin duniya, irin waɗanda ke Abuja da Legas da Akara, ko waɗanda aka buɗe a Yamai gab da taron Tarayyar Afirka na 2019, a kan babban matsayi a wurin da ba a horar da kowa. Na biyu, babu tabbacin lokaci. Otal masu sashen batla na dindindin kaɗan ne a yankinmu, kuma mutum zai iya daɗewa yana jiran gurbi. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya riƙa neman a juya shi tsakanin sassa da kansa, musamman wurin guga da hidimar teburi, kada ya zauna a wuri ɗaya yana jiran a tuna da shi.

Idan tafiya ƙasashen Larabawa ce burin, akwai bambancin da ya wajaba a sani tsakanin kwangilar otal da ta gida. Gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta fara aiki da shi a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki, bai haɗa da ma'aikatan gida ba, kuma batlan da ke aiki a gidan mutum yana iya faɗawa wannan rukuni komai kyan sunan matsayinsa. Saudiyya tana kuma ƙara keɓe ayyukan otal ga 'yan ƙasarta. Riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa doka a Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma ana yi. Duk dillalin da ya nemi kuɗi masu yawa kafin a ga kwangila a rubuce, ko ya ce a tafi da bizar ziyara a gyara takardu a can, a guje shi, a kuma tabbatar yana da lasin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Hanya ta huɗu: gajeren kwas, a aji ko ta intanet

Akwai kwasa-kwasan kwanaki kaɗan zuwa 'yan makonni, irin waɗanda British Butler Institute ke bayarwa a Landan da wasu birane, da kuma darussan bidiyo da ake saya ta intanet. Ga wanda ya riga ya yi shekaru a otal, mako ɗaya a hannun ƙwararre yana iya gyara masa tsayuwa da lafazi da tsarin aiki, ya kuma ba shi takardar da zai ɗora a kan gogewarsa. Ga sabon shiga kuwa amfaninsa kaɗan ne, domin bidiyo ba zai gaya maka cewa dutsen gugarka ya yi zafi da yawa ba. A nan ne kuma takardun bogi suka fi yawa. Kafin a biya, a tambayi sunan mai koyarwa da wuraren da ya yi aiki, a nemi magana da waɗanda suka gama. Wasu gajerun kwasa-kwasan da ba su ɗauke da sunan batla ma sun fi amfani a kan kuɗinsu: taimakon gaggawa, tsabtar abinci, Turanci ko Larabcin magana, da lasin tuƙi. Mai son aikin jirgin ruwa kuma dole ya mallaki shaidar horon kariya na ma'aikatan jirgin ruwa da ake kira STCW da ta lafiyar ma'aikacin teku, ko da wace makaranta ya yi.

| Ma'auni | Makarantar waje | Difloma a gida | Hawa a cikin otal | Gajeren kwas |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Masu yawa ƙwarai, da kuɗin waje | Matsakaita | Babu, ana biyan albashi | Kaɗan zuwa matsakaita |
| Lokaci | Mako 8 zuwa 10 | Shekara 2 zuwa 5 | Shekaru, babu tabbaci | Kwanaki zuwa makonni |
| Aikin hannu | Mai zurfi, cikin gaggawa | Mai faɗi, ba na batla kai tsaye ba | Mai yawa, ya danganta da otal | Kaɗan |
| Ƙarko | Mai kyau idan akwai gogewa | Mafi ƙarko | Mai kyau idan otal na da suna | Rauni idan shi kaɗai ne |
| Sauƙin shiga | Biza, Turanci, kuɗi | Sakamakon sakandare da jarrabawa | Sauƙi a ƙaramin matsayi | Mafi sauƙi |
| Haɗari | Asarar jari, rashin izinin aiki | Jinkiri, ƙarancin kayan koyarwa | Daɗewa a wuri ɗaya | Takardar bogi |
| Batun giya | Tana cikin manhaja | Akwai, amma da sassauci | Ana iya zaɓen otal | Ya danganta da kwas |

Wace ce ta dace da wa

Wanda ya gama sakandare kuma iyayensa za su iya ɗaukar nauyinsa, difloma ta fi masa, da sharaɗin ya yi aikin gwajinsa a otal mafi tsari da zai iya samu, ko da nesa da gida ne, kuma ya yi amfani da hutunsa wajen zama da mai guga da mai bugu da mai wankin hula. Wanda ba shi da halin karatu, ko yake da iyalin da ke jiran abin da zai kawo, ya shiga otal kai tsaye, ya sa wa ransa shekara biyu ko uku na koyon sassa daban-daban, ya gyara Turancinsa a gefe. Kada kalmar boyi-boyi da wasu za su jefe shi da ita ta karya masa gwiwa, domin hidimar manya da tsari ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda a fadar Kano kula da shimfiɗar sarki kaɗai sarauta ce mai suna Kilishi.

Ma'aikacin da ya riga ya yi shekara uku zuwa biyar a otal mai suna, yana da wasiƙun shaida da ajiyar kansa ba bashi ba, shi ne wanda makarantar waje za ta amfana, kuma ko shi ya kamata ya fara tambayar otal ɗinsa ko za su biya masa wani kaso. Idan Musulmi ne, ya rubuta wa makarantar ya tambaya ko za a ɗauke masa darasin giya ba tare da an hana shi takarda ba, ya kuma karɓi amsar a rubuce. Idan kuɗin bai kai ba, gajeren kwas a aji zai ba shi rabin amfanin a kan ƙaramin kaso na farashin.

Mace mai sha'awar sana'ar tana da kasuwa ta musamman, domin gidajen da ke raba sashen maza da na mata, a ƙasashen Larabawa da nan gida, suna neman mace ƙwararriya da za ta kula da uwargida da tufafinta da baƙinta. Gare ta kwangilar otal ta fi ta gida aminci a matakin farko, saboda akwai ofishin ma'aikata da abokan aiki da lokacin tashi. Wanda kuma ya nufi Makka ko Madina ko Kuwait, Larabci zai fi masa kowace takardar Turai amfani, tare da sanin al'adar wurin, kamar riƙe butar gahawa da hagu a miƙa finjali da dama, a ci gaba da ƙarawa har baƙo ya girgiza finjalinsa. Maigidan da ke son a horar masa da ma'aikacin da ya riga ya amince da shi kuwa, ya fi masa araha ya ɗauko tsohon shugaban sashen ɗakuna ko na abinci daga babban otal ya zo gidan ya koyar na 'yan makonni, da kayan gidan da tufafin gidan, a kan ya tura mutum ɗaya Turai.